Guzurin Madina Babu Nama

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Sunayen matan da muka yi shekaru muna aron turmi da taɓarya sun zube daga kaina, wani lokaci har carbi nake nema alhali yana wuyana. Amma tafiyar da muka yi zuwa Madina a motar maigidana, ita kam da ita za a sa ni a kabari. Ba zan manta da ita ba, kuma ban taɓa roƙon Allah ya mantar da ni ba, don ban ga na cancanci wannan sauƙin ba.

A farkon shekarun sittin ne, lokacin da aikin hajji ke faɗowa a tsakiyar zafi. Muna zaune a unguwar Hindawiyya a Makka, a ɗaki biyu na katako da langa-langa, mu huɗu: ni, da maigidana, da mahaifinsa da muke kira Baba, da ƙanwar Baban, wato Gwaggo. Shekaruna ashirin da 'yan kai, aurena bai cika shekara biyu ba, kuma kaina hayaƙi yake yi. Ina ganin babu macen da ta fi ni iya girki daga unguwarmu har Utaibiyya, kuma in aka gyara mini magana sai in kwana uku ina kumbure-kumbure.

Baba mai tsire ne. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya ratsa Chadi da Sudan yana aiki yana tafiya, har Allah ya kawo shi Makka. Da ya sauke farali bai koma ba, ya kafa tukubarsa a bakin kasuwar unguwa, Larabawa suna layi suna sayen abin da su ke kira siriya. Fiye da shekara ashirin yana wannan sana'a. Amma a duk shekarun nan bai taɓa taka Madina ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, hanyar kuwa cike take da wuraren da askar, wato jami'an tsaro, ke tsayar da mota su nemi takarda, wanda ba shi da ita sai a sa shi a jirgin ruwa a mayar da shi gida. Kullum sai ya ce baɗi. Matarsa ta rasu, ya ce baɗi. Ya aurar da ɗansa, ya ce baɗi.

Sai ciwo ya zo. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, fuskarsa ta yi fam. Maigidana ya lallaɓa ya kai shi wajen wani daktur, aka ce ƙoda ce, kuma daga yau ba shi ba nama, ba shi ba gishiri. Mutumin da hayaƙin tsire ya rina masa gemu, aka wayi gari yana zaune a ƙofar ɗaki yana tsakurar dafaffen ganye. Rannan ya rufe tukuba. Kashegari ya kira ɗansa ya ce, “Baɗin nan nawa ta ƙare. Ka kai ni in yi wa Manzon Allah sallama, ko daga bakin ƙofa ne. Shi ke nan abin da nake nema a wajenka.”

Maigidana direba ne kuma yana taɓa gyaran mota, shi kaɗai ne mai takarda a cikinmu. A hajjin shekarar wasu alhazai Turkawa sun zo da wata mota wadda ban taɓa ganin irinta ba. Gida ce sukutum: akwai gado a baya, akwai ɗan kabad, akwai teburin da ake naɗewa, har da wurin ɗora dafur, wato rishon kananzir. Ta lalace musu, suka gaji da ita suka sayar masa da arha, ya kwana biyu a ƙarƙashinta har ta tashi. Ya ce da wannan Baba zai je a kwance. Za mu bi kwalta inda babu tsaro, in mun kusa wajen askar mu saki hanya mu zagaya ta cikin daji. Da sassafe da yamma za mu yi tafiya, da rana mu fake. Tafiyar da mai takarda ke yi a yini ɗaya, mu za ta ɗauke mu kwana uku ko huɗu, kuma ba za mu tsaya cin abinci a rumfunan gahawa na bakin hanya ba. Abin da za mu ci duka sai mun ɗauko shi daga gida.

Nan Gwaggo ta ɗaure ɗankwali. Ita ma da ƙafa ta zo Makka, ta san abin da ake kira guzuri. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta fara jera kaya. Ta sayo busasshen zogale da rama da daddawa wajen alhazan gida masu zuwa da su, ta daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi, ta yi garin ɗanwake da kuka, ta turara tsakin gero ta shanya shi ya bushe ƙarau, yadda in an jiƙa shi da ruwan zafi zai tashi kamar sabon dambu. Ta ƙara da ƙananan waken nan da ake kira adas, da shinkafa, da albasa, da lemon tsami, da busasshen tumatir, da kwalbar man riɗi, da dabino. Gishiri kuwa ta ƙulle shi daban a tsumma, mai so ya barbaɗa a kwanonsa.

“Dokata uku ce,” in ji ta. “Abin da bai bushe ba ba ya shiga motar nan. Abin da aka dafa a cinye shi a take, ba a ajiye saura. Nama kuwa, ko ƙamshinsa ban yarda ba.”

Na ce, “Gwaggo, Baba aka hana, mu ma har da mu?”

“Har da ku. Kina so ki zauna a gabansa kina tauna yana kallon bakinki? Kuma ke kin san abin da zafin hanya ke yi wa nama a rufe? Ni na gani da idona tsakanin Chadi da Sudan.”

Ban tambaye ta abin da ta gani ba. Da na tambaya, da wataƙila yau ba ni da labarin ba ku. Sai na murguɗa baki na juya, ina cewa a raina tsohuwar nan rowa ce ke damunta.

Abin da ya ƙara hura mini wuta shi ne lokacin da abin ya faɗo. Bayan hajji ne, lokacin da nama ya fi ruwa araha a Makka. Mutanenmu sukan je Mina su kwaso naman hadaya, a yanyanka shi sirara a shanya a kan igiya da duwatsu, kowane gida ka shiga sai ka sunkuya saboda naman da ke rataye. A irin wannan watan ne za a ce 'yar wane ta yi wa surukinta guzuri babu ko tsoka ɗaya. Matan unguwa kuwa ba su bar ni ba. Wata maƙwabciyarmu, mai baki kamar reza, ta leƙo ta ga tabarmar Gwaggo ta kwashe da dariya.

“Lallai! Awaki za ku kai ziyara? Ke amarya, haka ake yi a gidanku? Mutumin da ya ciyar da unguwa nama shekara ashirin, ku tura shi Madina da ganye? Ai daktur ba Allah ba ne. Mu a garinmu maras lafiya romo ake ba shi ya ji ƙarfi.”

Wallahi maganar nan ta shige ni har ƙashi, don ni ma abin da na tashi na gani ke nan. A gidanmu in mutum ya kwanta kaza ake yanka masa, in mace ta haihu ƙauri ake dafa mata. Na dubi Baba ya rame, wuyansa ya zama kamar na tulu, na ce ganyen nan ne ke kashe shi, kuma ni kaɗai ce mai tausayinsa a gidan.

Ana jibi za mu tashi, Gwaggo ta tafi Harami bayan la'asar. Na zaga gidan maƙwabciyar nan, ta ciro mini nama daga igiyarta. Na lura wasu yankan masu kauri ba su gama bushewa ba, cikinsu da sauran laushi, amma ina sauri. Na ɗan soya shi sama-sama da kitse, na daka shi a turminta da yaji har ya zama gari, na ɗura a gwangwanin madara tun da ɗuminsa na danne murfi. Da aka zo loda kaya, na rasa inda idon Gwaggo ba zai kai ba, sai na ga wani ɗan lungu a ƙarƙashin gadon motar, can baya, na tura shi ciki na toshe da tsumma. Injin motar nan a baya yake, daidai ƙarƙashin gadon. Wannan ban sani ba, kuma ko na sani ba na jin zan damu.

Muka tashi bayan sallar asuba. Baba yana kwance a baya da farar rigarsa da ya ajiye shekara da shekaru don wannan rana, Gwaggo a gefensa da mafici, ni kusa da kabad, salkar ruwa tana rataye a jikin mota daga waje don iska ta sanyaya ta. Yinin farko lafiya lau. Da rana ta take muka fake a gindin wani dutse, Gwaggo ta kunna dafur ta jefa ɗanwake, ta zuba man riɗi da albasa. Gaskiya ɗaya ce, abincin ya yi daɗi, maigidana har ƙari ya nema. Ni kuwa ina ci ina yatsina, don kada a ce na yaba. Baba ya ci loma huɗu ya ture kwano.

Da yammacin rana ta biyu mun wuce garin Rabig, mun saki kwalta mun tsaya a wani fili mai ƙayoyi. Maigidana ya buɗe bayan mota yana duba mai, Gwaggo ta zaga bayan dutse da buta. Ni aka bar wa kwaɗon zogale. Na zuba wa kowa nasa, sannan na zura hannu na jawo gwangwanin. Da zafinsa na same shi, kamar yanzu aka sauke daga wuta. Na ɗebi cokali biyu na cuɗa a kwanon Baba, na rufe da garin ƙuli, na durƙusa na miƙa masa.

Loma ɗaya ya kai baki ya tsaya. Wa zai ɓoye wa mai tsire nama? Ya ɗago ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai. Sai na ji ya ce a hankali, “'Yar nan, ashe akwai wanda ya tuna ko ni wane ne.” Ya cinye tas, har ya suɗe yatsu.

Ranar Baba ya yi hira irin wadda ya daɗe bai yi ba. Ya ba mu labarin yadda ya yi noman auduga a Sudan, da yadda ya fara tsire da aron wuƙa. Ya ce in ya isa gaban kabarin Manzo ba zai roƙi komai ba, zai ce ne kawai, ga ni na zo, na yi latti, a yi mini afuwa. Gwaggo ta yi murna ta ce, “Kun gani? Yaya ya fara jin daɗin zogale.” Ni kuwa ina gefe kaina ya kumbura, ina cewa a raina, tsohuwa, da kin san abin da ya tashe shi.

Da na tsaya a nan, wataƙila da Allah ya rufa asiri. Amma wanda ya ga dabararsa ta ci sau ɗaya ba ya jin bari. Da hantsi a rana ta uku muka tsaya karin kumallo, Gwaggo ta jiƙa dambu. Da na buɗe gwangwanin sai murfin ya yi tsalle da kansa, wani ɗan wari ya bugi hancina. Na ji shi sarai, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Na ce yaji ne da kitse. Wannan karon cokali huɗu na zuba, don in ƙara masa ƙarfi ya shiga Madina da ƙafarsa.

Baba ya ɗauki loma ya kai kusa da hanci, ya dakata. Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “Naman nan ya juya.” Kafin in karɓe kwanon sai ga Gwaggo ta taho tana cewa, “Yaya, yau kuma turewa za ka yi? Kawo in gani, ko man ne bai ji ba.” Ta miƙo hannu. Na san in kwanon nan ya shiga hannunta kashina ya bushe, a gaban mijina, a tsakiyar daji. Baba ya dube ni, ya gane halin da nake ciki. Sai ya janye kwanon ya ce, “Bar mini abina, yunwa nake ji.” Ya dinga turawa yana haɗiyewa ba tauna, har ya ga ƙarshensa, ya zuba ruwa ya ɗauraye kwanon da kansa ya watsar.

Ni kuwa ina durƙushe ina kallo. Kalma ɗaya ce za ta fito daga bakina ya tsaya, ban faɗe ta ba. Kunyar faɗan Gwaggo ta fi mini ran tsohon nan nauyi a wannan lokacin. Tir da ni.

Kafin azahar ciki ya murɗa masa. Amai ya fara, sannan gudawa. Mukan yi 'yar tafiya kaɗan ya ce a tsaya, maigidana ya ciccibe shi ya kai shi bayan mota, ya dawo da shi. Farar rigar nan da ya adana ta ɓaci, Gwaggo ta cire masa ta ɗaura masa zanenta. Ta jiƙa masa lemon tsami, ta ba shi Zamzam da cokali, duk abin da ya shiga sai ya dawo. Zafi kuwa kamar a cikin tanda. Gwaggo tana ta lissafi da baki: ɗanwake sabo ta dafa, dambu busasshe ne, ruwan kowa ya sha, to me ya same shi shi kaɗai? Ni kuwa na ci gaba da yi masa fifita.

Da la'asar maigidana ya tsayar da mota ya ce, “Baba, akwai mustashfa, asibiti, in mun hau kwalta. In kai ka.”

“Su warkar da ni su sa ni a jirgi?” Muryarsa ta dushe, sai an sa kunne. “Saura nawa Madina?”

“In mun wuce Badar, rabin yini ne ta wannan hanyar.”

“To yalla. Ja mu tafi.”

Muka yi ta tafiya har duhu ya hana ganin hanya, muka kwana, da asuba muka ɗora. Idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun tsage, fitsari ya ɗauke gaba ɗaya. Bini-bini sai ya buɗe ido ya ce, “An fara ganin dabinai?” Gwaggo ta ce saura kaɗan, Yaya. Sau ɗaya da ta juya ɗauko ruwa, na matsa kusa da kunnensa na ce, “Baba, ka yafe mini.” Bai buɗe ido ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya ɗora a kan leɓensa, ya sauke. Har yau ban sani ba ko yafewar ke nan, ko cewa yake in rufe bakina.

Mun wuce Badar, rana ta ɗaga sosai, muna cikin wani kwari tsakanin duwatsu, sai Gwaggo ta ce, “Tsaya.” Maigidana ya ce saura kaɗan mu fita kwarin. Ta ce, “Na ce ka tsaya. Babu sauran sauri.” Ta shafa idanun yayanta ta rufe, tana salati. Maigidana ya kashe mota ya kifa kansa a kan sitiyari. Shekara ashirin da wani abu mutumin nan yana cewa baɗi, aka zo saura tafiyar da ba ta kai daga hantsi zuwa la'asar ba.

Maigidana ya taka zuwa wasu bukkoki da muka hango, don ya nemo mutane. Aka bar ni da Gwaggo da gawa. Tana kwashe shimfiɗar da ta ɓaci, sai na ga ta tsaya tana shaƙar iska. Ta durƙusa, ta zura hannu a lungun nan, ta jawo tsumma, ta jawo gwangwani. Da ta ɓalle murfin sai da ta kau da kai. Ta dubi abin da ke ciki, ta ga wurin da cokali ya ɗiba, sannan ta dube ni. Na jira mari, wallahi da ta mare ni da na ji sanyi. Sai ta mayar da murfin. Ta fita, ta yi nisa, ta tona rami da hannunta ta binne gwangwanin, ta goge hannu da yashi ta dawo ta ci gaba da aikinta.

Larabawan ƙauyen nan mutanen kirki ne, ba su tambayi takardar kowa ba. Suka taya maigidana wanka da sutura, suka yi masa salla su bakwai ko takwas, aka binne shi a gefen maƙabartarsu, aka jera duwatsu. Wata tsohuwa ta aiko mana da nonon raƙumi da gurasa, babu wanda ya iya taɓawa.

Da maigidana ya dawo daga maƙabarta ya zauna a ƙofar mota, ƙafafunsa duk ƙura. Ya daɗe yana kallon buhunan guzurin nan, sannan ya fashe da kuka irin na yara.

“Gwaggo, na cuci Baba. Wata biyu na hana shi nama. Ranar sallah yana kallon mutane suna ci, na ce masa a'a, daktur ya hana. Ga shi ya tafi da kwaɗayinsa, ko Madinar bai gani ba. Da na san haka za ta kasance, wallahi da na bar shi ya ci ko tsoka ɗaya ce kafin ya mutu.”

Wayyo Allah. Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya. Sai na ji hannun Gwaggo ya damƙi tsintsiyar hannuna, ta matse har farcenta ya shiga. Ta ce da shi, “Kwanansa ne ya ƙare. Ka yi abin da ɗa ke yi. Tashi ka yi alwala.” Da ya tafi ta juyo gare ni, ba ta saki hannun ba.

“Me za ki ce masa? Ya rasa uba yau, kina so ya rasa mata? So kike ki sauke kayanki a kansa ki huta? Ba ki isa ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ke kika ɗauko, ke za ki ɗauka, har ki mutu.”

Muka ƙarasa Madina mu uku da yammacin ranar. Da koriyar kubbar nan ta bayyana, maigidana ya ce, “Baba, ga ta,” kamar yana bayan motar. Ya shiga ya isar da sallamar mahaifinsa da kalmomin da tsohon ya ce zai faɗa. Ni ma na shiga ta ƙofar mata, na tsaya a inda Baba ya yi shekara ashirin yana mafarkin tsayawa, da ƙafafuna masu lafiya, na rasa bakin da zan yi sallama da shi. A hanyar dawowa guzurin Gwaggo muka ci har gida, babu abin da ya lalace a ciki, babu wanda ko kansa ya yi ciwo.

Gwaggo ta yi shekara tara a duniya bayan nan. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta taɓa canza mini fuska a gaban mutane ba, ita ta yi mini wankan jego na 'ya'yana uku. Amma ba ta ƙara cin abin da na dafa ba sai ta ga na fara kai loma bakina. Maigidana kuwa mun yi shekara arba'in tare. Duk sallar layya in an kawo nama sai ya ajiye hannu ya ce, “Allah ya jiƙan Baba, na hana shi.” Ni kuma in ce amin. Har ya koma ga Allah yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, ina kusa da shi, ina da maganin, ban ba shi ba. Ko Gwaggo ta yi daidai da ta rufe mini baki, ko ni ce na fake da umarninta don tsoro, wannan sai ranar da za a tambaye ni.

Abin da na koya ban koye shi da araha ba. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne ya sa na yi abin da na yi, amma ƙarya ne. Rabinsa gudun dariyar matan unguwa ne, rabinsa son a ce na fi tsohuwa sani. Duk alherin da sai ka ɓoye shi daga masu kula da mutum kafin ka yi masa, to ka tsaya ka binciki zuciyarka, don kanka kake yi ba don shi ba. In wanda ya riga ka bin hanya ya ce kada a ɗauki abu, ka buɗe baki ka tambaye shi dalili, tambaya ba ta rage wa kowa tsawo. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka faɗa tun kwanon yana hannu. Ni na tsaya jin kunyar faɗan da ba zai wuce minti biyar ba, tsohon da ya rufa mini asiri kuma yana kwance a wani kwari da ko sunansa ban sani ba, rabin yini tsakaninsa da Madina.